Nazarin Lamari: Yadda Wani Malamin Gona a Gombe Ya Gyara Baburinsa Don Samun Sauƙin Tafiya

Wannan nazari ya shafi babur ɗaya ne da mutumin da ke hawansa, wani malamin gona mai shekaru 40 da 'yan kai, mazaunin unguwar Pantami a cikin garin Gombe, wanda aikinsa ke kai shi ƙauyukan masu noman rani da ke kusa da madatsar ruwa ta Dadin Kowa a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba. An sakaya sunansa da na masu shagunan da ya yi hulɗa da su, domin abin da ake nema shi ne a bi diddigin yadda ya kashe kuɗi zagaye biyu a kan babur guda, na farko ya ƙara masa wahala, na biyu ya kawo masa sauƙi, alhali kasuwa ɗaya ya shiga a duka lokutan.

Tafiyarsa kashi biyu ce. Daga Gombe zuwa Dadin Kowa kwalta ce a kan hanyar da ta nufi Biu, tazarar da ba ta cika kilomita 40 ba, daga nan kuma sai ya sauka ya bi burji da hanyoyin gona a gefen kogin Gongola, inda ake fama da gargada da yashi lokacin rani, da taɓo lokacin damina. Nauyin da babur ɗin ke ɗauka ma yana sauyawa: wata rana shi kaɗai ne da jakar takardu, wata rana ya goyo abokin aiki, wata rana kuma a ɗaure masa buhun taki mai kilo 50 a baya. Kafin a janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, motar haya yake shiga zuwa Dadin Kowa, sannan ɗan acaɓa ya ƙarasa da shi gonaki. Da kuɗin mota ya fi ƙarfin albashi, sai ya sayi Boxer mai inji 100, ƙirar kamfanin Bajaj na Indiya, na hannu, daga wurin wani da ya daɗe yana kabu-kabu da shi. Injin lafiyarsa lau, kuma shi kaɗai aka duba ranar ciniki. Babu wanda ya tambayi halin da sauran sassan suke ciki bayan shekarun da suka yi suna ɗaukar mutum biyu da uku a kan ramuka.

Bayan 'yan watanni sai koke-koke uku suka bayyana. Ƙugunsa yakan riƙe idan ya dawo da yamma, har ruku'u ya yi masa wuya a sallar magariba. Yatsun hannunsa na dama, mai riƙe da totur, sukan sage tun bai kai rabin kwalta ba. Mazauninsa kuma yakan yi zafi, ya riƙa muskutawa a kan kujera.

Zagaye na farko ya fara ne a wani shagon kayan babura da ke gefen babbar kasuwar Gombe. Malamin ya ce wa mai shagon, "Alhaji, so nake babur ɗin nan ya yi laushi, bayana ya gaji." Mai shagon ya ɗauko masa shokozoba biyu masu kaurin sifirin, waɗanda suka ɗara na jikin babur ɗin tsawo, ya ce, "Malam, irin wannan masu dakon hatsi suke sawa, ba ta mutuwa." Ya haɗa masa da tayar baya mai faɗi da kauri, da kan babur mai tsayi. Daga nan aka wuce wurin mai ɗinkin kujera, wanda ya ɗora sabon soso mai taushi a kan tsohon, kujerar ta kumbura ta yi kyan gani. A ranar duk aka ɗaura komai, kuma cikin mako biyu ciwon ƙugun ya ƙaru, sagewar hannu tana nan yadda take, ga sabuwar matsala: babur ya yi masa tsawo, da ƙyar yatsun ƙafarsa ke taɓa ƙasa idan ya tsaya a cikin yashi.

Ba za a ce mai shagon ya yi ƙarya ba, domin shokozobar da ya bayar da gaske ba ta saurin lalacewa a ƙarƙashin nauyi. Kuskuren yana wurin haɗa ta da mai hawan da ba don irinsa aka yi ta ba. Shokozoba aiki biyu take yi. Sifirin da ake gani a waje shi ke ɗaukar nauyi, yana lotsawa idan taya ta daki wani abu. Man da ke cikin bututun tsakiya kuma shi ke hana sifirin ɗin dawowa da ƙarfi, don kada babur ya riƙa tsalle. Sifirin da aka yi don buhu uku na masara ba zai lotsa ba a ƙarƙashin mutum ɗaya mai jakar takardu, saboda haka duk dukan da gargada ta yi wa taya sai ya wuce kai tsaye zuwa kujera, daga kujera zuwa ƙashin baya. Abin da ya kamata a gane tun farko shi ne cewa tsofaffin shokozobar ba tauri ne laifinsu ba, mansu ne ya tsiyaye, suka koma sifirin zalla, babur yana lilo bayan kowane rami har ya buga ƙasa. Maganin wannan shi ne a sa sababbi irin na asali.

Zagaye na biyu ya zo ne ta hannun wani dattijon makanike mai rumfa a Jekadafari, wanda wani abokin aikin malamin ya kwatanta masa. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne bai yarda a sayi komai ba a ranar farko. Ya tambayi hanyar da ake bi da nauyin da ake ɗauka, ya hau babur ɗin ya zagaya, ya dawo ya ce, "Malam, kada ka sake fitar da ko kwabo sai mun ga abin da ya mutu tukuna." Malamin ya amsa, "To Baba, yadda ka ce."

Abu na farko da aka auna shi ne iskar taya, kuma geji ya nuna ta baya ta haura 45 a ma'aunin ƙarfin iska da ake kira psi. A irin waɗannan ƙananan babura, adadin da kamfanoni ke bayarwa yakan kasance kusan 25 a gaba, 28 zuwa 32 a baya gwargwadon ko da goyo ko babu, kuma ana samunsa a littafin babur ko a 'yar takardar da ake mannawa a jikinsa. Masu faci da yawa suna cika taya har sai ta yi tauri a ƙarƙashin yatsa, saboda yawancin masu zuwa wurinsu 'yan acaɓa ne masu ɗaukar nauyi da tsoron faci, kuma mai babur da bai faɗi adadin da yake so ba irin wannan cikar za a yi masa. Taya ita ce ke fara shanye ƙananan duwatsu da gargada kafin shokozoba ta san da su, idan kuwa aka cika ta fiye da kima ta daina wannan aiki, riƙonta a kan burji ma ya ragu. Ya kamata a riƙa aunawa da safe kafin a yi tafiya, domin zafin kwalta, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafin Gombe ke kusantar digiri 40, yana ɗaga awon da kansa. Rage iskar nan bai ci ko sisi ba, amma malamin ya ce a ranar ya ji bambanci fiye da na duk abin da ya saya a baya.

Na biyu shi ne sarƙa, kuma nan ne dogayen shokozobar suka yi ɓarnar da ba a gani da ido. Da aka sa su, sai ƙarfen da ke riƙe da wilin baya ya ƙara sunkuyawa ƙasa, sarƙa ta saki, yaron makanike ya ja ta har ta yi daidai a idonsa lokacin da babur yake tsaye babu kowa a kai. Amma sarƙa ta fi ɗaurewa ne a lokacin da bayan babur ya lotsa, wato sa'ad da ƙaramin sufoket na gaba (faifan nan mai haƙora da ke jan sarƙa) da mahaɗar ƙarfen da tsakiyar wilin baya suka zo layi ɗaya. Idan an riga an ɗaure ta tamau tun babur yana tsaye, to da zarar ya so lotsawa sai ita sarƙar ta riƙe shi, ta zama tana hana shokozoba aiki, tana kuma cin haƙoran sufoket da boris na giya. A ƙa'ida ana barin sakin da ya kai milimita 20 zuwa 30 a tsakiyar sarƙa a yawancin ƙananan babura, kuma dattijon ya fi son a sake dubawa mai babur yana zaune a kai.

Sagewar hannu kuwa daga gaba ta fito, kuma dalilanta sun taru ne. Notin da ke ɗaure inji da jikin babur guda biyu sun saki, rawar inji tana bin ƙarfe har zuwa hannu. Da aka ɗaga wilin gaba aka juya kan babur hagu da dama, sai aka ji yana ɗan maƙalewa a tsakiya, alamar boris na wuya ya ci rami, abin da ke sa mai hawa ya riƙa damƙe hannu da ƙarfi ba tare da ya sani ba. Ɗaya daga cikin shokozobar gaba tana zubar da mai, domin ƙurar hunturu ta cinye robar bakinta, kuma ɗan man da ya rage a ciki ya yi baƙi. Kan babur mai tsayin da aka sa ma ya ja wayar totur har ta miƙe, ta yadda idan aka juya kai gaba ɗaya zuwa gefe guda inji yakan ƙara wuta da kansa. Wannan ya wuce maganar jin daɗi, haɗari ne, kuma a ganina shi kaɗai ya isa hujjar cewa bai dace a sauya kan babur ba tare da an duba tsawon wayoyin totur da kuloci da birki ba.

Sai da aka gama wannan bincike sannan aka rubuta abin da za a saya, aka tafi kasuwa su biyu, makanike da mai babur, da tsofaffin kayan a cikin buhu. Yawancin kayan babura da ake sayarwa a Gombe daga ƙasashen China da Indiya suke, suna shigowa ta Legas, su bi ta manyan dilolin Nnewi a jihar Anambra, garin da ya daɗe da zama cibiyar wannan kasuwanci a Nijeriya, ko kuma ta Kano. A shago guda ana iya samun abu ɗaya hawa uku: na kamfani, da mai bi masa wanda wata masana'anta ta yi da inganci gwargwado, da kuma jabu mai kama da na kamfani a kwali da tambari. Tun da darajar naira ta faɗi bayan sauyin tsarin canji na Yunin 2023, farashin na kamfani ya yi nisa, masu saye suka koma tambayar mafi araha, su kuma 'yan kasuwa suka riƙa kawo abin da ake tambaya. Saboda haka wanda ya shiga shago ya ce a ba shi shokozobar Boxer kawai, bai faɗi hawan da yake so ba, ya bar wa mai shago zaɓi.

Dattijon bai dogara da kwali ba, domin kwali da tambari mai ƙyalli duk ana kwaikwayonsu. Ya sa tef ya auna tsohuwar shokozobar asali daga tsakiyar ramin noti na sama zuwa na ƙasa, ya ƙi karɓar duk wadda tsawonta ya saɓa. Ya kafa kowace a ƙasa ya danna da nauyin jikinsa, yana lura da yadda take dawowa: mai lafiyayyen mai a hankali take tasowa, jabu kuwa zabura take yi kamar babu komai a cikinta. Ya duba walda, ya duba robar da ke cikin ramin noti, ya ɗaga ya ji nauyi. Ya zaɓi mai matakala biyar a gindin sifirin, wadda ake juyawa da sifana, ya kuma nace a sayi biyu tare, domin sabuwa a gefe ɗaya da tsohuwa a ɗaya gefen suna sa babur ya riƙa karkata. Haka ya yi da sarƙa, ya ce a haɗa ta da sufoket na gaba da na baya a lokaci guda, tunda haƙoran da suka riga suka lanƙwashe suna cinye sabuwar sarƙa cikin ɗan lokaci. An ƙara da boris na wuya, da robobin shokozobar gaba da man da aka yi dominta, da robar kariya mai lanƙwasa da ke rufe sandunan gaba daga ƙura, da robobin da ke cikin cibiyar wilin baya masu shanye fizgar sarƙa.

Wajen taya an koma ga girman asali, wato 3.00-17 a baya, ma'ana faɗin kusan inci 3 a kan wili mai inci 17. Taya mai faɗi idan aka matsa ta a kan siririn wili tsukewa take yi, ba ta ƙara taka ƙasa yadda ake zato, ga nauyi, ga kuma cushewar taɓo tsakaninta da marufin sarƙa da damina. Wadda aka sa masa da farko mai lamba 8PR ce (lambar da ke nuna ƙarfin jikin taya), jikinta da tauri don dakon kaya, sai aka sauya ta da mai 6PR. An kuma karanta lambobi huɗu da ke gefen taya masu nuna lokacin da aka yi ta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2324 ke nufin mako na 23 na shekarar 2024. Roba tana bushewa ko da ba a taɓa hawanta ba, balle a shagon da rufin kwano ke gasa ta, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta daɗe tana jan hankali a kan tayoyin da suka kwana biyu.

Akwai wani ɓangare na cinikin da ya cancanci a ambata, ko da yake ba na ƙarfe ba ne. Kafin a biya, an yi yarjejeniya da mai shago a gaban makanike cewa abin da bai hau ba za a dawo da shi muddin ba a ɓata shi ba, aka kuma karɓi rasit. Malamin ya biya dattijon kuɗin aikinsa cikakke, har da na ranar da aka yi bincike ba a ɗaura komai ba. Wannan daidai ne. Al'adar matse makanike a kuɗin aiki ita ke tura wasunsu neman la'ada a kan kaya, su karɓi kuɗin na kamfani su sayo mai bi masa, kuma mai babur da ya yi rowar ladan hannu yakan biya ninkinsa a wani wurin da bai gani ba.

Da aka ɗaura shokozobar, sai aka daidaita matakalar da nauyinsa. Matakalar ba ta sauya taurin sifirin, tana sauya yadda babur zai zauna ne idan an hau shi, kuma abin da ake nema shi ne ya lotsa kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na iyakar tafiyar shokozobar, a bar sauran don ramuka. A mataki na biyu aka samu haka idan shi kaɗai ne, aka koya masa ya ɗaga zuwa na huɗu ranar da zai yi goyo ko ɗaukar buhu, gefe biyun a mataki ɗaya. Yanzu ƙaramar sifanar tana cikin jakarsa.

Kujera ce ta ƙarshe, kuma da gangan aka jinkirta ta, domin dattijon ya ce ba za a san laifinta ba sai ƙasa ta daidaita. Soso mai taushi yana da daɗi a mintunan farko, amma kamar katifar da ta mutu, nauyi yana nutsewa cikinsa har ƙashin mazauni ya isa ga abu mai tauri da ke ƙasa, gefunansa kuma su taso su matse cinya su tara zufa. Wani mai ɗinkin daban ya cire duka tsohon da sabon, ya shimfiɗa soso mai ƙarfi a ƙasa, ya ɗora siririn mai taushi a kai, ya ɗan faɗaɗa wurin zama, ya tsuke gaba don ƙafafu su sauka ƙasa sosai. Ya sa leda a ƙarƙashin marufin saboda ruwan sama, ya kauce wa yin ɗinki a tsakiya. Kan babur an mai da na asali, aka ɗan karkato shi baya ta yadda gwiwar hannu za ta lanƙwasa kaɗan, aka sa robar riƙo mai taushi.

Shawara ɗaya aka tattauna aka ajiye. Wani daga cikin yaran rumfar ya kawo maganar a ƙara girman sufoket na gaba don inji ya rage ihu a kan kwalta. Lissafin gaskiya ne: idan mai haƙora 14 aka mai da shi 15, juyin inji a gudu ɗaya yana raguwa da kusan kashi 7 cikin 100, rawar ma ta ragu. Sai dai ƙarfin ja yana raguwa daidai da haka, kuma inji 100 da zai fita daga yashi da buhun taki a baya ba shi da rarar ƙarfin da zai bayar. Da a ce tafiyar malamin kwalta ce zalla, kamar daga Gombe zuwa Kumo, da shawarar ta karɓu.

Sakamakon bai zama iri ɗaya ba a kan koke-koken uku. Sagewar hannu ta kusa ɓacewa tun daga ranar da aka ɗaure notin inji aka sauya boris. Zafin mazauni ya koma sai a doguwar tafiya. Ciwon ƙugu ya ragu sosai amma bai tafi ba, abin da ya sa malamin ya je asibiti aka duba shi, aka ba shi shawarar motsa jiki da yawaita tsayawa yana miƙewa a hanya, kuma ya koyi ɗan ɗaga mazauni yana dogara da matakan ƙafa idan zai ratsa rami. Ya sayi hular kwano mai gilashi, wadda doka ta wajabta kuma FRSC ta fara tilasta sawa a faɗin ƙasa tun Janairun 2009, ya ce bayan kariya ta rage masa ƙura da ƙarar iska da ke sa shi ciwon kai.

Ta fuskar kuɗi, kayan zagaye na farko ba su tafi a banza gaba ɗaya ba. Dogayen shokozobar da tayar mai kauri an sayar wa wani mai dakon hatsi da ke zirga-zirgar kasuwar Kumo, wanda su ne daidai da aikinsa, ko da yake a ƙasa da kuɗin da aka saye su. Soson da kan babur mai tsayi ba su samu mai saye ba. Abin da ya rage a takardar dattijon shi ne tayar gaba, wadda haƙoranta suka fara shafewa, da takalman birki na baya, kuma an tsayar cewa za a sauya su kafin ruwan Yuni ya sauka hanyoyin gonakin su koma taɓo.